Wayar Kyauta da Sunan Mma Sanatu

Na sauka Tamale ta ƙasar Gana ranar wata Talata da hantsi, da jakar kayan dukanci a kafaɗa da lambar wani ɗan garinmu a takarda. Lambar ba ta shiga ba. Na kira sau tara ina tsaye bakin tasha, kowane kira sai wata mata ta yi mini Turanci ta kashe. Firamaren da na yi a Madawa da Faransanci ne. Ina karanta haruffa da lambobi, amma Turanci in an rubuta shi sai dai in bi shi da ido. Abin da ya fara ɗaure mini kai a garin kuwa mata ne a kan babura. Na ga tsohuwa da jika a baya, buhun masara a gaba, tana ratsa motoci hankalinta kwance. Na tsaya ina kallonta har wani mai keke ya ture ni.

Zangona na farko unguwar Zogbeli ce. Wani mutum mai fara'a ya ce shi ke kula da wani gida, ya karɓi kuɗin wata guda ya ba ni ɗaki. Kwana huɗu sai mai ɗakin ya dawo daga ƙauye da nasa makullin. Bai yi mini faɗa ba. Ya dubi tabarmata, ya dube ni, ya ce in ƙara kwana uku in nemi wuri. Mai fara'ar ban sake ganinsa ba. Ni dama mutum ne mai yawan saƙe-saƙe, in na kulle ƙofa sai na koma na taɓa kwaɗon. Abin Zogbeli ya ƙara mini wannan hali.

Daga nan sai Lamashegu, gidan Mma Sanatu. Badagomba ce, ta kai shekara sittin, tana sayar da shinkafa da wake a bakin titi, abin da a nan suke kira waace. Na zo cin abinci ne da jakata, ta ga ina lissafin canji sau biyu, ta ce:

"Abochi, ina ka kwana?"

Abochi suke kiran irinmu da muka fito daga Nijar. Na gaya mata gaskiya. Ta ce akwai ɗakin da take ajiye gawayi, in zan share in shiga, in biya in na fara samu. Hausarta irin ta nan ce, mace da namiji duk "shi" ne. Da farko ina rikicewa, daga baya kunnena ya saba. Ita ce kuma ta haɗa ni da rumfar masu takalman fata a wajen Sakasaka, inda nake ɗinki ana biyana bisa ƙafar da na gama.

Na baro matata Zuwaira da ciki. Wata biyu da zuwana ta haihu, mace. Wayar hannunta ƙarama ce irin tawa, mai maɓallai, ba ta hoto. Kukan yarinyar nake ji, ban san fuskarta ba. In na tambaya da wa ta yi kama, sai Zuwaira ta yi dariya ta ce, "Kowa da abin da yake faɗi, Malam." A rumfarmu mutum uku ne ke da babbar waya, aron minti biyar ba wuya ba ne. Matsalar can gida take.

A hanyata ta zuwa aiki akwai wata babbar lema ta wani kamfanin layin waya, da amsa-kuwwa tana kiɗa. Mai zama ƙarƙashinta sunansa Kwabena, mutumin kudu ne, Kirista, Hausarsa ta kasuwa ce. Wata safiya ya tare ni, yana ce mini "masa", wato maigida.

"Masa, zo ka gani. Waya kyauta. Yau ba ka biya ko sisi."

Na ce, "Gobe fa?"

Ya yi dariya har ya buga tebur. "Kai ne mutum na farko ya tambayi gobe."

Ya yi mini bayani. Wayar ba a biyan kuɗinta. Amma za ka karɓi layin kamfanin, ka riƙa sayen datarsu ta sidi talatin, kuɗin ƙasar, kowane mako har shekara ɗaya da rabi. In ka tsallake mako, wayar ta rufe kanta. Ya ciro wata daga aljihun tebur ya nuna mini. Fuskarta baƙi ƙirin, da hoton kwaɗo a tsakiya, ko'ina ka taɓa ba ta motsi.

Na ce, "Wa ya rufe ta?"

"Ofis. A Akra."

"Mutum yana Akra ya rufe abin da ke aljihun wani a Tamale?"

"Ba mutum ba, masa. Inji."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ina ɗinki ina tunanin injin. Yana zaune a wani ɗaki mai sanyi, ya san wanda ya biya da wanda bai biya ba, ba ya barci, ba a roƙonsa. Na ji tsoronsa, na kuma ji ina son in san yadda yake gani.

Mako biyu ina zuwa wurin Kwabena. In ta faɗi ta fashe fa? In an sace ta? In na kwanta ciwo? In kamfanin ya ƙara kuɗin data a tsakiyar hanya? In mutum ya mutu, wa za a bi? Yana amsawa yana dariya, har ya sa mini suna Lauya. Na shiga kasuwa na tambayi kuɗin irin wayar a shago huɗu, duk suka tsaya wajen sidi dubu da ɗari biyu. Na koma rumfa na jera ƙananan ƙusoshin takalmi a kan allon yanka, kowace ƙusa mako guda. Ƙusa saba'in da takwas. Kuɗin ya kama dubu biyu da ɗari uku da arba'in. Na cire abin da dama zan kashe a kan kira, na ga kyautar nan ta fi saye tsada da kusan ɗari huɗu. Amma dubu da ɗari biyu a dunƙule ba ni da ita, talatin kuwa takalmi ƙafa biyu ne. Na je har wurin limamin masallacin unguwa na tambaya ko akwai riba a ciki. Ya ce in an san adadin tun farko ba a kuma ƙara komai saboda jinkiri, shi bai ga laifi ba, amma in karanta takardar da kyau. Ban gaya masa ba na jin Turanci ba.

Tambaya ɗaya ce ban yi ba. Niyyata in aika wa Zuwaira wayar, ta sa layinta na gida, ni kuma in riƙe layin kamfanin a ƙaramar wayata ina biya duk mako. A ganina kuɗi suke so, kuɗin kuma za su samu. A garinmu waya waya ce, mun sha ganin an kawo daga Libiya da Legas an sa layi ta kama. Sau biyu na buɗe baki zan tambayi Kwabena, sai in tuna ni baƙo ne. In Abochi ya ce, "Ana iya fita da ita ƙasar?" me za a ɗauka? Sai na haɗiye.

Saura katin ɗan ƙasa, don ba a ba da layi sai da shi. Na baƙi akwai, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina. Mma Sanatu ta ji ina zancen da wani mai cin abinci, ta ce:

"Sa'idu, wannan ne ya hana ka ci nama kwana biyu? Tashi mu je."

Ta goya ni a baburinta har Sakasaka. Ta miƙa katinta, ta kalli na'ura aka ɗauki fuskarta, ta dangwala yatsa. Da wannan katin ne aka buɗe asusunta na waya, inda masu cin waace ke turo mata kuɗi, inda kuma take sayen buhun shinkafa. Kwabena ya ce, "Mma, ka sani sunanka ne a nan, ba nasa ba."

Ta ce, "Na sani. Wannan yaro in ya ci bashin gishiri ba ya barci."

Na kwana biyu da wayar. Ban cire ledar fuskarta ba. Na ɗinka mata jaka da fatar akuya ja, na zare layin kamfanin na sa a ƙaramar wayata. Ranar Alhamis da safe na kai ta tashar manyan motoci wurin Alhaji Mamman, direba ne mutumin wajenmu, yana kawo albasa Kumasi ya koma da katako. Ya juya jakar a hannu ya ce, "Ƙanena, ka fara kama ƙasa ke nan." Ya jefa ta a akwatin gaban mota.

Juma'a da hantsi saƙo ya shigo. Turanci ne mai tsawo, na gane lambar 3 da sunan Mma kawai. Ganin sunanta ya sa na ajiye basilla na tafi wurin Kwabena. Ya karanta, ya ɗago.

"Lauya, ina waya?"

Ya juya ƙaramar wayata a hannunsa.

"Layi yana nan, waya ba ya nan. Ina ka kai shi?"

Na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya kashe amsa-kuwwar, ya ce in zauna. Ashe wayar da layin ba sa rabuwa. In suka yi kwana uku ba su haɗu ba, ko injin ya ga wayar a wata ƙasa, sai a ɗauka an gudu da ita. Sai a nemi kuɗin shekara da rabin gaba ɗaya daga mai katin, a riƙe asusunta har ta biya. Yana cikin takardar, shafi na biyu.

"Ka tambaye ni mutuwa, ka tambaye ni ɓarawo. Wannan ba ka tambaya ba?"

Na ce, "Ta yaya injin zai san ta tsallaka iyaka?"

"Masa, gidanka yana ci wuta, kana tambaya yaya aka yi ashana. Kira direba."

Na kira sau biyar kafin Alhaji Mamman ya ɗauka. Yana Bolga, taya ta tsayar da shi, ana gyara. Ya ce da an gama zai wuce Bawku, gobe da sassafe su tsallaka iyaka. "In ka same ni kafin magariba, to. In ba haka ba ka biyo ni gaba."

Ina iya wucewa tasha kai tsaye. Na tsaya a bakin titi ina tunani. In na dawo da wayar, Mma ba za ta taɓa sani ba. In kuma ban same ta ba, za ta ji labarin ne daga bakin inji, ranar da ta je sayen shinkafa. Na hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, na koma Lamashegu.

Na same ta tana zuba wa wasu ma'aikata abinci. Na jira suka tafi, na durƙusa gefen tukunya na faɗa mata duka. Ta ci gaba da kankare gefen tukunyar da ludayi.

"Kuɗi na shinkafa duka yana ciki wannan asusu."

"Na sani, Mma."

"Gobe bayan gobe mai shinkafa zai zo."

"Na sani."

"Kana da kuɗin mota?"

Na ce ina da na zuwa. Ta kwance bakin zaninta ta ƙirgo na dawowa ta ajiye a kan benci, ba ta sa mini a hannu ba. Ba ta kuma dube ni ba.

Motar Bolga ba ta tashi sai ta cika, saura mutum huɗu. Na zauna ina ƙirga masu shigowa tasha, duk wanda na gani da kaya sai in yi masa addu'a a zuci ya zama ɗan Bolga. Sallar Juma'a a masallacin tasha na yi ta, rabin hankalina yana kan motar kada ta tafi ta bar ni. Ba mu ɗaga ba sai wajen ƙarfe biyu da rabi.

Ban taɓa ganin hanyar nan da rana ba. Bayan Savelugu sai itatuwan kaɗanya, da gidaje masu zagaye, da mata suna sayar da doya a jere kamar an yi musu layi da igiya. Kusa da ni wata mata ce mai kwandon zabi a ƙarƙashin kujera. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta ga ina ciro waya ina duba lokaci ina mayarwa, sai ta ɓare dafaffen ƙwai ta barbaɗa yaji ta miƙo mini. Na ci, sai a lokacin na tuna ban karya ba. Duk doguwar sandar sadarwa da muka wuce sai in bi ta da kallo. Ko ta nan injin yake leƙo mu? Ko ya riga ya ga wayar Mma tana kwance a Bolga cikin jakar fata?

A Walewale aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya juya katina na Nijar, ya tambayi inda za ni da abin da zan yi. Na fara ba shi labarin tun daga lemar Kwabena. Ban kai rabi ba ya miƙo mini katin ya ce da Hausa, "Tafi, tafi, Abochi, labarinka ya yi tsawo." Mutanen motar suka yi ta dariya. Ni dai na ga an ci mini minti goma.

Mun shiga Bolga rana ta yi ja. Mai yalo-yalon da na samu ya ga gaggawata ya ninka kuɗi, na sani, na biya. A wurin masu gyaran taya na tarar an sauke motar daga jak, injinta yana aiki, Alhaji Mamman yana alwala da buta a gindin taya.

"Ka yi sa'a mai gyaran nan malalaci ne," in ji shi. Ya hau ya buɗe akwatin gaba, ya jefo mini jakar. Garin sauri layin ya faɗi cikin ƙasa sai da muka tsuguna mu biyu muna nema. Na hure shi, na sa, na kunna. Ta ɗan yi jim. Sai ta yi ƙara sau ɗaya, saƙo ya shigo gajere. Wani ɗan makarantar sakandare da ke jiran a buga wa kekensa iska ya karanta mana, wai an gode, komai ya daidaita.

Alhaji ya ce, "Ikon Allah. To me zan ce wa matar taka? Jiya ta kira ni tana tambayar ranar da zan iso."

Na ce ni zan gaya mata. Na kira a nan tsaye. Zuwaira ta saurara har na gama.

"Na riga na gaya wa mutanen gida," ta ce.

"Ki yi haƙuri."

"Matar da ta ba da sunanta, ba abin da ya same ta?"

"Babu."

"To shi ke nan. Ka gaishe ta."

Na ji yarinyar tana ƙananan koke-koke kusa da wayar, sannan katin ya ƙare.

A tashar Bolga na kwana, Asabar da hantsi na iso Tamale. Na biya ta wurin Kwabena ya duba ya tabbatar, sannan na yi masa tambayar da na taho da ita tun daga hanya. Mu 'yan ci-rani ne, ruwan fari in ya sauka gida muke komawa noma. Yaya zan yi da wayar?

Ya ce, "Waya ba ya fita Gana sai ka gama. Ka bar shi wurin wani da layi a ciki, ka turo kuɗi duk sati."

Daga gona? Wanda ke noma ba ya ganin kuɗi sai kaka. In na tsallake mako biyu ko uku a can, ƙofar Mma za a buga. Ban ce masa komai ba, na tashi.

Mma Sanatu tana wurin tukunyarta. Na ajiye wayar a kan benci da sauran canjin mota. Ta dubi wayar, ta ce:

"Sayi waace. Ka biya ta waya."

Na tura sidi goma. Muka tsaya mu biyu muna jira. Wayarta ta yi ƙara a cikin zani, ta ciro ta nisanta ta da ido ta duba, ta mayar. Sannan ta ɗauki kwano ta zuba mini, ta ɗora ƙwai da ban biya ba.

"Sa'idu, in ka gaya mini matarka kake so ka aika wa, da mun nemi wani hanya. Ka tambayi Kwabena, ka tambayi liman, ka tambayi shago huɗu. Ni da na sa yatsa, ba ka tambaye ni ba."

Na ce, "Ba zan tafi gida ba sai na gama biya, Mma."

"Damina fa?"

"Ƙanena zai shuka."

Sai ta ce daga yau duk Juma'a in na sauko daga masallaci in zo nan in biya a gabanta, ta ga saƙon da idonta. Na ce to.

Haka muke yi har yanzu. Ina zuwa in zauna a bencin, in danna, mu jira ƙarar, ta miƙo hannu in ba ta ta duba. Ba ta taɓa cewa ta yarda in daina nuna mata ba, ni ma ban taɓa roƙo ba. Ruwan fari ya same ni a rumfar takalma a Sakasaka ina ɗinki. Da yamma ƙanena ya kira ya ce can ma ya sauka, ƙasa ta jiƙa sosai, gobe za su fita da iri. Ya tambaya ko gero zai sa a gonar gabas ko dawa. Na ce ya sa gero.